Ra'ayinmu: A Kashe Ciyawar, Kada A Kashe Mana Shanu

Jama'a, duk wanda ya taɓa kai garke bakin kogin Volta, daga Kpong har Sogakope, ya san halin da mashaya take ciki. Tun da aka datse kogin a Akosombo a 1965, sannan a Kpong a 1982, ambaliyar da takan wanke gaɓa kowace shekara ta ɗauke, ciyawar ruwa kuwa ta samu wurin zama. Saniya ta kutsa neman ruwa, ta maƙale a taɓo. Cikin ciyawar nan ne katantanwa ke ɓuya, mai jawo wa shanu ciwon hanta, yaranmu kuma tsargiya. Mahauci a Nima ya yanka sa ya tarar hanta ta lalace, gobe sai ya karya wa mai shanu farashi a Tulaku.

Masu cewa a yi feshin guba, da alama ba su taɓa shayar da dabba a kogi ba.

To, akwai wata hanya. A ƙasar Benin, a 1991, masanan IITA sun saki wani ɗan ƙwaro daga Kudancin Amurka wanda ke cin ciyawar nan mai shuɗin fure, ba ruwansa da amfanin gona. A Najeriya ma, kachalar da ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru, Jami'ar Gashuwa ta gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar girki, da kuɗin Bankin Duniya.

Muna roƙon gwamnatin Gana ta ware wa masanan Legon da Cibiyar Binciken Ruwa kuɗin irin wannan aiki, kuma a zauna da makiyaya tun farko. Mu ne za mu nuna musu mashayar da ta toshe bara da wadda take toshewa bana.