Jarrabawar tebur: hankali ake aunawa ko tsawon harshe?

Akwai wata jarrabawa da ba a rubuta ko harafi ɗaya a cikinta, amma tana iya raba matashi da aikin da ya share shekara biyar yana karatu dominsa. Akan zaunar da mutum shida zuwa goma kewaye da tebur, a jefa musu wata matsala, a ba su minti ashirin ko talatin su tattauna, ba shugaba, ba mai raba magana. Can gefe alƙalai na zaune da alƙalami, ba su cewa uffan. Faransawa na kiran ta «entretien collectif». Kamfanonin Turai da Amurka na ɗaukar ma'aikata da ita, manyan makarantun Indiya sun daɗe suna tace ɗalibai da ita, kuma duk ɗan Maraɗi ko Damagaram da ke neman gurbin karatu a waje, ko aiki a wani babban kamfani, yana iya wayar gari a bakin wannan tebur.

Kamar kowace jarrabawa, ita ma ta haifi kasuwarta. Masu sayar da sirrin cin nasara sun cika littattafai da bidiyo da nasiha iri ɗaya: ka riga kowa buɗe baki, ka ɗaga murya, kada minti biyu su wuce ba a ji ka ba, ka kafe kowa da ido, in lokaci ya kusa cika ka ƙwace kammalawa. Wannan nasiha guba ce. Abin takaicin kuwa, sau da yawa tana ci.

Waɗanda suka ƙirƙiro jarrabawar ba wannan suka nufa ba. Sojan Jamus ne suka fara gwada ta tun a shekarun 1920 wajen zaɓen hafsoshi. A 1942, tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Ingila suka kafa kwamitocin zaɓe na musamman, domin tsohuwar ganawar ido da ido ta gaza: wanda ya fito daga gidan manya, ya yi makarantar manya, yake magana da lafazin manya, shi ake ɗauka, sai a je horo ya faɗi. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Wilfred Bion, ya kawo dabarar rukunin da ba shi da shugaba. Akan ba samari aiki, misali su tsallakar da kaya mai nauyi ta kan wani rami da ƴan katako da igiya, a koma gefe ana kallo. Tsallake ramin bai dami Bion ba. So yake ya ga yadda kowa zai yi da buri biyu masu karo da juna: son a gan shi, da bukatar aikin jama'a ya yi kyau. Wanda ya tattake ƴan uwansa don alƙalai su lura da shi ya fallasa kansa ke nan. Kuma kwana uku ake yi ana gwaji iri-iri, ƙwararru da dama na lura, kafin a yanke hukunci. Kamfanin tarho na Amurka, AT&T, ya shigo da tsarin cikin harkar ma'aikata a 1956, daga nan ya bazu.

A kan hanyar bazuwar ne aka zubar da tsaba aka riƙe dusa. Kwana uku suka koma minti ashirin, ƙwararru suka koma ma'aikata biyu da suka gaji, waɗanda tun safe suke sauraron rukuni bayan rukuni. Me irin wannan alƙali zai tuna da la'asar? Muryar da ta fi cika masa kunne. A 2020 wani bincike da Neil MacLaren da abokan aikinsa suka buga a Amurka ya bi diddigin rukunoni 33 na ɗalibai, ya tarar cewa yawan lokacin da mutum ya ɗauka yana magana shi ke sa a kira shi shugaba, ko da an yi la'akari da basirarsa da halinsa. Ya kuma tarar cewa namiji na samun ƙarin ƙuri'a don kawai shi namiji ne. Gaskiya ne abokan zama ne suka yi zaɓen, ba alƙalai ba. Amma alƙalin da ba a horar ba, da me ya fi su? Shekara goma kafin haka, Anita Woolley da tawagarta sun nuna a mujallar Science, bayan gwada mutum 699, cewa rukunin da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye maganarsa ya fi kasa warware matsala, wanda kuwa ake karɓa-karɓa a cikinsa ya fi basira. Ashe wanda jarrabawar ke ɗagawa sama, in an yi ta da ganganci, shi ne ainihin wanda ke dushe hankalin taro. Ba mamaki da dama daga cikin makarantun IIM na Indiya, har da ta Ahmedabad, suka ajiye ta suka koma ga rubutu, bayan zaman ya riƙa rikiɗewa zuwa abin da su kansu Indiyawan ke kira kasuwar kifi.

To, a ɗauki wannan ma'auni mai tangarɗa a aza shi a kan yarinyar da ta taso a Tasawa ko Madawa. Tun tana ƙarama an hore ta cewa ba a katse babba, ba a tsura wa na gaba ido, ba a yabon kai, magana kuwa zarar bunu ce. Duk abin da gida ya kira ladabi, takardar alƙali na kiran sa rashin ƙarfin hali. Sai a ƙara da harshe. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, amma a teburin neman babban aiki Faransanci ke da kujera. Ɗan babban ma'aikaci na Yamai da ya tashi da shi a bakinsa yana jefa jimla uku kafin ita ta gama juya ta farko a zuciyarta. Ta san amsar, wataƙila ta fi shi saninta. Kafin ta buɗe baki an wuce wurin. Jarrabawar da aka ƙago don karya fifikon ƴaƴan manya ta dawo tana yi musu hidima.

Sai dai kada a ɓuya a bayan kunya. Akwai masu cewa al'adarmu ce ta shiru, don haka a bar mu yadda muke. Wannan ma ƙarya ce mai daɗin ji. Wanda ya taɓa zama a fadar samari a Zinder, ana dafa shayi ana warware siyasar duniya har tsakar dare, ya san matasan nan ba bebaye ba ne. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo na Nijar, waɗanda suka riƙa tara manoma su saurari shiri su yi muhawara a kansa. Mai shiga tsakani a rikicin gona, dattijuwar da ke sasanta ma'aurata, duk gwanaye ne na sauraro da ajiye kalma a inda ta dace. Makaranta ce ke kashe wannan baiwa. Shekara goma sha uku, daga ajin farko zuwa bak, yaro na kwafe abin da ke allo, yana haddacewa, yana mayarwa. Malamin da ke da ɗalibai tamanin a gabansa kuwa yakan ɗauki shiru a matsayin nasarar darasi. A da har «symbole» ake rataya wa wanda harshen uwarsa ya suɓuce masa. Bayan an gama ɗinke masa baki, rana ɗaya a ce ya yi muhawara da baƙi tara cikin minti ashirin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Matashin da zai zauna gobe ba zai jira a gyara makaranta ba, don haka ga abin da ya fi nasihar ƴan kasuwa amfani. Shiru ɗungurungum faɗuwa ne, domin alƙali ba ya ba da maki ga abin da bai ji ba. Amma shiga uku ko huɗu masu nauyi sun isa. Idan rukuni ya ruɗe, wanda ya ce a tsaya a fayyace me ake tambaya ya yi aikin shugaba. Haka wanda ya ɗauki maganar wani, ya ambaci mai ita, ya ɗora hujja ko misali a kai. Da wanda ya tuna wa jama'a saura minti biyar ba a yanke komai ba. Da wanda ya juya ga mai shiru ya nemi ra'ayinsa. Saɓani kuma halal ne, in an kama ra'ayin aka bar mutumin. Duk wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ga yadda ake zaman sulhu a zauren mai gari. Abin da ya rage masa shi ne ya saba yin sa da Faransanci, da abokai huɗu ko biyar, agogo na ajiye a gabansu.

Nauyi mafi girma yana kan masu ɗaukar aiki. Lokacin da makarantar ENA ta Faransa, wadda INSP ta gada a 2022, ta shigar da gwajin rukuni cikin gasarta a 2015, ba ta saki ƴan takara su yi kokawar baki ba: kowa yakan riƙe matsayi uku bi da bi, mai gabatarwa, mai amsawa, mai lura. Wanda ya nace sai ya yi amfani da wannan jarrabawa, to ya horar da alƙalansa, ya sanar da ƴan takara tun farko abin da ake ba maki a kansa, ya ba kowa ƴan mintoci ya yi tunani a takarda kafin a fara, kada kuma ya yanke hukunci da ita kaɗai. In aikin da ake nema na shiga ƙauyukan Dakoro ne ko Mirya, ana magana da manoma da mata masu awon ciki, a yi rabin zaman da Hausa.