Kabu-kabu da man santetik: ina riba, ina hasara?

Tun lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a shekara ta 2023, wani sashe na aikin da manyan motoci suka saba yi ya faɗo a kan kwale-kwale da moto. A wannan shekara kuma, ran 29 ga watan Mayu, gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin da take yi wa man fetur, sai esansin da ke shigowa ta Kamba ya yi tsada. Ɗan kabu-kabu ya samu kansa da kaya masu nauyi da riba ƙarama. Mutum a irin wanga hali yakan fara lissafin kowace dala, lissafin kuwa ya kai har ga baƙin man da ake zubawa a inji. Maganar da ke yawo a tashoshin moto da rumfunan makanikai ita ce ta man santetik. Wasu na cewa shi ne maganin tsufan inji, wasu na rantsuwa cewa shi ya kashe moton wane.

Batun ba na wasa ba ne. Da yawa daga matasan da ke kai fasinja Tanda, Tunuga, Bana ko Bangu, moton ba nasu ba ne, suna biyan mai shi kullum ko kowane mako. In inji ya kama, aiki ya tsaya, bashi kuwa bai tsaya ba.

Baƙin mai na yau da kullum daga ɗanyen mai ake tace shi, ƙwayoyinsa kuma ba girmansu ɗaya ba, kamar garin da ba a tankaɗe ba. In zafi ya yi yawa, ƙananan sukan ƙone su bi hayaƙi, sauran su yi kauri su zama dauɗa. Shi santetik a masana'anta ake gina ƙwayoyinsa, ko a farfasa na ɗanyen mai a sake daidaita su, har su zama kusan bai ɗaya. Sabili da haka ya fi jure wuta, ya fi daɗewa bai lalace ba. Ba sabon abu ba ne: Jamusawa sun yi aiki da irinsa a jiragen sama lokacin yaƙin duniya na biyu, kamfanin Motul na Faransa ya fitar da nasa mai suna 300V a 1971, Mobil 1 kuma ya shiga kasuwar Amurka a 1974.

A nan masu yabonsa suna da gaskiya. Moton Kasea, Haojue ko Bajaj Boxer ba shi da ruwan sanyaya inji, iska ce kaɗai ke hura shi, man da ke cikinsa kuma bai wuce lita ɗaya ba ko kusa da haka. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Gaya ke haura digiri 40, moton da ya ɗauki buhun shinkafa biyu da mai su, yana tafiya a hankali cikin rairayi, injinsa na dahuwa ne kawai. In akwai wurin da mai mai jure zafi ke da amfani, to nan ne.

Amma kalmar santetik da ke jikin gwangwani ba ta isa hujja ba. A mota, man inji dabam, na akwatin bitas dabam. A irin waɗannan motoci masu ƙafa biyu kuwa mai guda ne ke wanke inji, da haƙoran bitas, da ambiriyaji, abin da mutanen Kamba ke kira kuloci. Faifan ambiriyaji cikin mai suke iyo, kuma sai sun kama juna sannan ƙarfin inji ya isa ga ƙafar baya. Yawancin man santetik da aka yi domin ƙananan motocin zamani an sa masa sinadarin ƙara santsi don a rage shan esansi. In aka zuba shi a moto, faifan sukan riƙa sulɓewa: inji na kuka, gudu babu, musamman a hawa ko da kaya. Daga nan sai a zagi santetik, alhali an bai wa moto abincin mota ne. Domin wannan matsala ce Japanawa suka kafa ma'aunin JASO a 1998. Gwangwanin da ke ɗauke da JASO MA ko MA2 ya dace da ambiriyajin da ke cikin mai. Wanda aka rubuta wa MB na ƙananan motoci ne marasa canjin bitas da ƙafa. Wanda bai ga ɗaya daga cikin alamun biyu na farko ba, gara ya mayar da gwangwanin kan kanta, kome kyan fentinsa.

Sai lambobin kauri, irin su 20W-50 ko 10W-40. Ta farko tana nuna yadda mai ke gudana da sanyi, ta biyu kaurinsa in inji ya yi zafi. Sanyin hunturun Dandi bai kai ya daskarar da mai ba, don haka ta biyun ce abin lura, kuma wadda littafin moton ya faɗa ita za a bi.

Babban alkawarin da masu sayarwa ke yi shi ne a daɗe ba a yi bidanji ba, wato juye. A nan ne lissafi ke ruɗewa. Galibin ƙananan injunan nan ba su da matacin mai na takarda irin na mota, sai ƴar rariyar waya, wasu da ɗan kwano mai juyawa da ke tara dauɗa. Ƙurar hanya, da garin faifan ambiriyaji, da esansin kwalba da ke tsiyayowa ta gefen fistan, duk cikin man suke zama. Santetik bai ƙone ba, gaskiya ne, amma ya ƙazantu. Wanda ya biya ninki biyu ko fiye, ya kuma ninka kwanakin bidanji domin ya fanshe kuɗinsa, yana wanke injinsa da ruwan yashi mai tsada. Man yau da kullum na ƙwarai da ake canzawa a kan kari, tare da wanke matacin iska, ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Zancen cewa santetik na huda tsohon inji kuwa, ga asalinsa: yana wanke dauɗar da ta daɗe tana toshe robobin da suka riga suka bushe, sai ɗigo ya bayyana. Injin da ke fitar da shuɗin hayaƙi zoben fistan yake nema, babu man da zai mayar masa da ƙarfen da ya ci. Wanda injinsa ke da lafiya, canjin ba ya buƙatar wani shiri: a juye tsohon mai inji da ɗumi, a wanke rariya, a zuba sabo daidai awo. Ɗan ragowar da ya saura ba ya cutarwa, domin man biyu suna gaurayuwa. Kwanakin farko dai a riƙa duba sandar awo kowace safiya.

Saura abin da ya fi kowanne wuyar magani, wato jabu. Ɗanyen man Agadem na bi ta cikin bututu kusa da Gaya zuwa tekun Benin, matatar Damagaram kuma tun 2011 take fitar da esansi da gazuwal da iskar gas, amma baƙin man da ɗan kabu-kabu ke saye daga nesa yake zuwa, ta hannu da yawa. Gwargwadon tsadar mai, gwargwadon ribar wanda zai cika tsohon gwangwani da wani abu ya liƙe baki. Santetik da aka sayar a kuɗin na yau da kullum abin tuhuma ne. Ya kamata a buɗe gwangwani a gaban mai moto, a kuma huda shi bayan an juye, kafin yaran da ke tsintar gwangwanaye a bayan rumfa su kai gare shi.