Jimlar Klingon Ba Turanci Ba Ce Da Aka Kifar

Akwai wata shawara da ake yawan bai wa mai fara koyon harshen Klingon, wai ya tsara jimlarsa da Turanci, sannan ya karanta ta daga ƙarshe zuwa farko. Wannan shawara ɓata ɗalibi take yi, kuma ya kamata a daina ba da ita.

Gaskiya ne Marc Okrand, masanin harshe ɗan Amurka da ya gina Klingon domin fim ɗin Star Trek na 1984, ya zaɓi tsarin da ba kasafai ake samunsa a harsunan duniya ba: karɓau a farko, aikatau a tsakiya, aikau a ƙarshe. Saboda haka "jagh legh SuvwI'" na nufin mayaƙi ya ga abokin gaba, ko da yake "jagh", wato abokin gaba, shi ya zo a gaba. Iyakar inda dabarar juyawa ke aiki ke nan, jimla mai kalma uku.

Ƙara mata kalmar lokaci ka ga yadda take rushewa. "wa'Hu'", wato jiya, a farkon jimla take zama, kamar yadda Bahaushe ke cewa jiya mayaƙi ya ga abokin gaba. Wanda ya juya komai zai jefa ta ƙarshe, ya yi kuskure.

Mafi muni shi ne abin da dabarar ke ɓoye wa ɗalibi. Nauyin jimlar Klingon a kan aikatau yake. Ɗafa-goshi guda ɗaya ke bayyana mai aikatawa da wanda aka aikata wa a lokaci guda: "qalegh", na gan ka, "cholegh", ka gan ni, "mulegh", ya gan ni. To, me za a juya a nan? Kalma ɗaya ce tak. Bayan haka ga ɗafa-ƙeya na aikatau har aji tara, kowanne da gurbinsa, ba ya ƙetare ɗan'uwansa.

Abin takaici, mai jin Hausa da ya bi ta Turanci asara yake yi. Aikatau a Klingon bai damu da jiya ko gobe ba. Abin da yake nunawa shi ne ko aiki ya kammala, da "-pu'", ko yana ci gaba, da "-taH". Wanda ya san bambancin "ya tafi" da "yana tafiya" ya riga ya riƙe wannan tun yana goye. Ya fara da jadawalin ɗafa-goshi, ya haddace shi sarai, kafin ya taɓa jerin kalmomi.