Gawo a bakin garka: abincin ƙudan zuma a lokacin rani

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa ganin kabewa ta yi hure da yawa, amma ƴaƴan suka zube tun suna ƙanana? Sau da yawa ba laifin iri ba ne, ba kuma ƙarancin ruwa ba. Ƙudan zuma ne bai zo ba.

Kabewa da kankana suna da hure namiji da hure mace. Ƙudan zuma ne ke kwasar garin namijin a jikinsa, ya kai wa macen. Haka ma albasar Galmi: mai neman iri ba ya samun iri mai kyau sai ƙwari sun ziyarci hurenta. Wani babban bincike na duniya da aka fitar a shekara ta 2016 ya nuna cewa kashi 75 cikin 100 na ire-iren abincin da ake nomawa suna amfana da wannan aiki na ƙwari. Gero da dawa kam iska ta ishe su. Amma kuɗin noman rani a garka suke.

To, me ƙudan zai ci idan damina ta wuce, haki ya bushe? Nan ne gawo ke da rana. Shi yakan zubar da ganye da damina, ya toho da kaka, ya yi hure a farkon sanyi, lokacin da daji ya fara bushewa. Da wannan hure ƙudan ke rayuwa har kayan garka su kai ga nasu.

Tun wajen 1984 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka tsiro da kansu a gona. A jihar Damagaram, wajen Magarya da Matamai, gawo ya dawo da yawa. A ganina garka ce aka bari a baya.

Ba sai ka sayi dashe ba. Ɗan gawo yakan tsiro cikin takin awaki. Ka bar wanda ya fito a bakin shinge, ka kewaye shi da ƙaya don dabbobi. Na tsakiyar fangali kuwa ka cire shi, domin da rani yake inuwa.

Saura maganin ƙwari. Kada ka fesa shi a kan shukar da ke hure. In ya zama dole, ka bari sai da marece, bayan ƙudan ya koma amya.