Dashen haƙori: Me ya sa kaifin tsinken huda ƙashi yake da muhimmanci?

A wannan makon za mu duba dashen haƙori, aikin da ake yi yanzu a wasu asibitocin haƙori na Abuja, wanda kuma yake cin kuɗi masu kauri.

Idan mutum ya rasa haƙori, likita yakan huda ƙashin muƙamuƙi, ya ɗaura wata 'yar ƙusa ta ƙarfen taitaniyam a ramin, a bar ta watanni uku zuwa shida har ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora mata haƙorin roba ko na tangaran. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe, kuma a 1965 ya fara dasa wa mutum.

To, ina ruwanku da tsinken da ake huda ƙashin da shi? Ku tuna da kafinta. Idan tsinkensa ya dakushe, sai ya ƙara dannawa, katakon ya yi zafi, har ya yi baƙi. Haka abin yake da ƙashi, sai dai shi ƙashi rai gare shi. Binciken da Eriksson da Albrektsson suka wallafa a 1983 ya nuna cewa idan zafin ƙashi ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, yana iya lalacewa. Zafin jikinmu kuwa digiri 37 ne, kun ga tazarar ba ta da yawa. Ƙashin da ya ƙone ba zai kama ƙusar da kyau ba, sai ta riƙa motsi, a ƙarshe a cire ta. An yi asarar kuɗi ke nan, an kuma sha wahala a banza.

Yawancin tsinkunan da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin su, wasu ana yi musu rufi mai tauri, wasu kuma na tangaran ɗin zakoniya ne. Kowanne dai yana dakushewa da yawan aiki, musamman a ƙashin muƙamuƙin ƙasa wanda ya fi tauri. Turara su da ake yi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, a zafin digiri 121 ko 134, dole ne, amma maimaita shi kan taɓa bakin na ƙarfe. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera su suke ƙayyade sau nawa za a yi amfani da kowanne, wasu ma sau ɗaya ne a jefar. Ƙwararren likita yakan fara da siririn tsinke, ya riƙa ƙara girma, ruwan gishiri na asibiti yana sanyaya wurin.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ku amince da aikin, ku tabbatar likitan yana da rajista da lasisin Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN. Ku tambaye shi ko suna rubuta adadin amfani da tsinkunansu, da lokacin da suke sauya su. Ku nemi ya rubuta muku sunan kamfanin ƙusar da lambarta, don gaba. Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Idan farashi ya yi sauƙi fiye da kima, ku tuna araha ba ta ado. Kuna iya neman ƙarin shawara a sashen haƙori na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

Ku ma da naku nauyin. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi suna hana dashe kamawa, don haka kada ku ɓoye wa likita. Bayan aikin, idan ciwo ya ƙi lafawa, ko dasashi ya kumbura yana fitar da ruwa, ko ƙusar tana motsi, ku koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.