Sonos ya shiga kasuwar hannun jari, amma a 2018 muryarsa aro ce daga Amazon

Ranar 2 ga watan Agusta 2018 kamfanin Sonos na jihar Kaliforniya, mai ƙera lasifikoki marasa waya, ya fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq da ke birnin New York. Jaridun Amurka sun yi ta yayata labarin, ganin farashin ya tashi a yinin farko daga dalar Amurka 15 (wajen jika takwas da rabi na sefa) zuwa kusa da 20.

Sai dai abin bai kai yadda ake kururuta shi ba. Tun farko dala 17 zuwa 19 kamfanin ya nema, manyan masu zuba jari suka ja da baya, dole ya sauko. Kuma suna da hujja: shekara 16 da kafuwa, ciniki ya kusa dala miliyar ɗaya a 2017, amma faɗuwa aka yi maimakon riba.

Babbar matsalar ma tana cikin takardun da Sonos da kansa ya miƙa wa hukuma. Muryar Alexa, wadda ke amsa umarnin mai lasifikar, ta Amazon ce, kuma a lokacin Amazon na iya janye ta bayan gajeren wa'adi. Ga shi kuma Amazon ɗin yana sayar da nasa lasifikokin Echo da arha, don ba a jikin na'urar yake neman riba ba. So yake ya samu shiga ɗakin mutum ya tallata masa sauran hajarsa. Shi kuwa Sonos a lokacin da lasifikar kaɗai yake cin abinci, alhali Google da Apple su ma sun riga sun baza tasu a kasuwa.