Rantsuwa Ba Ta Auna Gwal



Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a kasuwancin intanet, kuma lokaci ya yi da za mu kira ta da sunanta. Mace za ta ga hoton sarƙa da 'yan kunne a sitatus ɗin WhatsApp ko a Instagram, an rubuta "gwal ɗin Dubai" a ƙasa. Ta tura kuɗi, a ba direba saƙo a tasha. Bayan sati uku wuyanta ya fara ƙaiƙayi, bayan sarƙar ya dushe. Ta koma wa mai kayan ta ce, "Hajiya, anya wannan gwal ne kuwa?" Amsar da ke biyo baya duk mun haddace ta. Da farko rantsuwa, sai "ni ba a taɓa dawo min da kaya ba", sai a ɗora hoton hirarsu a sitatus ana habaici a kan mahassada, daga ƙarshe a toshe lambarta.

Mu matsayinmu shi ne, duk mai sayarwar da ta amsa zargin jabu ta wannan hanya ta yi zalunci, ko da kuwa daga baya an gano kayanta na gaske ne. Gwal ba turare ba ne da za a ce kowa da irin hancinsa. Abu ne da ake aunawa, kuma awon ba ya cin rabin yini.

Tsantsar gwal shi ne karat 24, amma ya cika taushi, shi ya sa ake gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa kafin a ƙera abin ado. Karat 22 yana nufin kashi 91.6 cikin ɗari gwal ne, kuma ana buga masa hatimin 916. Karat 21, wanda aka fi samu a kasuwannin Saudiyya da Dubai, hatiminsa 875. Karat 18 kuma 750. In kun ga an buga GP a jikin maɓallin sarƙa, to ruwan gwal aka yi wa wani ƙarfe, ba wani abu ba. Sai dai hatimi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin wanda ya iya ƙera sarƙar jabu bai gagara buga mata lamba uku ba. Haka maganaɗisun da wasu ke ta nunawa a bidiyo suna cewa "kun gani, bai kama ba": gaskiya ne ba ya kama gwal, amma tagulla ma ba ya kama ta. Gwajin da ke raba gardama yana hannun masu sana'ar. A je layin masu gwal a kasuwar Sabon Gari a Kano, ko Wuse a Abuja, ko wurin maƙerin zinare na garinku. Zai ɗora a sikeli, domin tsantsar gwal ya ninka tagulla nauyi sau biyu da ɗoriya. Zai goga a baƙin dutse ya ɗiga ruwan asid a kan layin da ya fito. In karat ɗin bai kai ba, layin ya narke. In yana zargin ruwan gwal ɗin mai kauri ne, sai ya ɗan karce wani lungu ya ga abin da ke ciki. Shi ke nan. To wadda ta tabbata kayanta na ƙwarai ne, me zai hana ta cewa "mu je a gwada, in jabu ne ni zan biya kuɗin gwajin in mayar miki da kuɗinki"?

Kuma a daina ɗaukar abin kamar rigimar kwalliya ce tsakanin mata. A ƙasar Hausa gwal asusun mace ne. Da kuɗin adashi ake sayensa, da sadaki, da rabon gado, da nufin ranar da ta ɓaci a cire a sayar. Wadda aka ba tagulla a matsayin gwal sau da yawa ba za ta sani ba sai ranar da ɗanta ke kwance a asibiti, ta kai sarƙar kasuwa mai shago ya turo mata ita ya ce ba ya saye. Wata kuma a cikin akwatin lefe aka kai, dangin amarya suka kai gwaji, aka bar ango da iyayensa da kunyar da ba su ji ba ba su gani ba.

Mun san abin da masu sayarwa za su ce, kuma ba duka ne shirme ba. Akwai masu saye 'yan damfara, da za su karɓi na gaske su dawo da na jabu mai kama da shi. Akwai kuma waɗanda da gaske suke ƙorafin amma sun yi kuskuren fahimta. Wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda iyayenmu ke kira zaiba, duk da NAFDAC ta haramta sa shi a man shafawa, kuma in ya taɓa gwal na gaske sai ya mayar da shi fari fat kamar dalma. Mace ta ga zobenta ya yi fari, ina laifinta in hankalinta ya tashi? Amma duk waɗannan dalilai ne na zuwa wurin gwaji. Maƙeri zai gane aikin zaiba, ya gasa zoben launinsa ya dawo. Maganin mai musanya kaya kuwa tun kafin a tura ake yinsa: a ɗauki bidiyon sarƙar a kan sikeli, a nuna hatiminta da maɓallinta, a rubuta rasit mai ɗauke da karat da giram da farashin giram na ranar. 'Yar kasuwar da ba ta yi wannan ba ita ta bar ƙofa a buɗe, ba ta da bakin kiran kowa ɓarawo.

Wasu har fiƙihu suke janyowa, wai ai hujja a kan mai da'awa take, wanda ya musanta kuma rantsuwa ce a kansa. Haka ƙa'idar take, amma alƙali ba ya zuwa ga rantsuwa sai an rasa hujja, kuma a nan hujjar tana zaune a shago tana jiran a kawo mata sarƙa. In fiƙihun ake so a bi shi har ƙarshe. A mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaure, ya halatta a sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, wanda shi ne ainihin cinikin intanet, amma in kayan ya zo saɓanin yadda aka siffanta shi, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Kowa kuma ya san labarin da Muslim ya ruwaito, na ranar da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, da irin kakkausar maganar da ya yi a kan mai algus.

Dokar ƙasa ma ba ta tare da mai toshe lamba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da bayanin da aka yi masa ba, kuma rubuta "ba a mayar da kaya" a saman shafi ba ya goge wannan haƙƙi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Abin takaici, sabon salon shi ne mai kaya ta riga mai ƙorafi zuwa wurin 'yan sanda da sunan ɓata suna. Ba mu manta da matar nan ta Legas da aka kama a 2023 saboda ta rubuta ra'ayinta a kan wani tumatirin gwangwani a Facebook ba. Tun daga nan ƙananan 'yan kasuwa suka koyi barazana, mai gaskiya kuma ta koyi haɗiye kukanta.

Sai uzurin da ya fi kowanne yawa: "Ni ma haka aka sayar min." Wataƙila gaskiya ne, domin da yawa daga masu tallar ba su taɓa riƙe kayan ba, hoto kawai dila ke turo musu su ɗora riba. To amma asusun wa kuɗin ya shiga? Ki mayar wa wadda ta amince da ke kuɗinta, sannan ki bi wanda ya cuce ki. Ba ita ta zaɓa miki dila ba.

Me ya kawo wannan magana zauren marubuta? Saboda mafi yawan rigimar nan a cikin kalma take farawa, mu kuwa kalma ce sana'armu. Duk mai karanta littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp ya san yadda talla ke shigowa tsakiyar labari, kuma sau da yawa marubuciyar ce ke tsara kalaman, ta ƙara da cewa ta san mai kayan, a saya da yaƙini. Mai karatun da ta bi labarinki shafi sittin ta yarda da ke fiye da yadda ta yarda da mai sarƙar. A nan ne "gwal ɗin Dubai" ke yin aikinsa: Dubai gari ne, ba karat ba, kuma a can ma ana sayar da na ruwan gwal da sunansa. "Ba ya kodewa" alkawari ne da babu ruwan gwal ɗin da zai iya cikawa. Sayar da sarƙar fashon ba laifi ba ne, mata da yawa ita suke so kuma ita ce daidai aljihunsu. Laifin shi ne a ɓoye ta a bayan kalmar da za ta sa mai saye ta zaci tana ajiye dukiya.

Don haka sababbin marubuta da kuka fara samun masu kawo talla, kafin ku karɓi kuɗin ku tambaya: karat nawa ne, giram nawa ne, kuma in an gwada aka samu saɓani za a mayar da kuɗi? In mai kayan ta amsa, ku rubuta amsar a cikin tallar yadda ta faɗe ta, da lambobinta. In ta fara rantsuwa, ku ce mata "ruwan gwal" za ku rubuta, in ba ta yarda ba ta nemi wani shafin.